Bakin Sada

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar gindin ɗorawa ta Unguwar Sammani, nan tsakanin Kura da Bunkure, ya san Hashimu da Sada ba sa haɗuwa a rabu salin alin. Taubasai ne, uwar Sada ƙanwar uban Hashimu ce, ciki ɗaya. Tun suna yawo ba wando suke yanka wa juna baƙar magana, ga shi har kowa ya tara iyali, furfura ta fara leƙowa, amma babu wanda ya yi hankali a cikinsu. Sada ba ya kiran Hashimu da sunansa na yanka, sai dai Gwangwani, wai ƙara ce da shi babu komai a ciki. Shi kuma Hashimu Agwagwa yake ce masa, saboda yadda yake watsa ƙafa in yana tafiya. Gonakinsu na rani ma a jere suke a bakin ƙaramin kanal ɗaya na ban ruwa, ta Hashimu a sama, ta Sada a ƙasa, ka ga kuwa ba a rasa abin faɗa.

A shekarar da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyen ne Sada ya sari ƙafarsa da fartanya. Ciwon ya ƙi ji ya ƙi gani, har aka ce sai an dangana da babban asibiti a birni. Wa zai kai shi in ba Gwangwani ba? Hashimu ya goya shi a babur tun daga gida har Kano, suna tafe suna cacar baki. Da suka zauna a benci suna jiran layi, sai Hashimu ya ji gumi na karyo masa, ƙirjinsa ya yi nauyi, numfashi yana yi masa gardama.

Sada ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Kai da ka kawo majinyaci, kai ne kake haki? Ka mutu mana in mutuwar za ka yi, ka daina ja mana rai. Ni in gaji gonar, in gaji matarka Zuliha, akwalar babur ɗin nan kuma in bayar sadaka."

Mutanen da ke kan bencin suka kwashe da dariya. Hashimu ya buɗe baki zai rama. Ya tabbata amsar da ya tanada mai zafi ce, irin wadda za ta kwantar da Agwagwa, amma har yau ya kasa tuna ta. Abin da ya sani kawai shi ne ya buɗe ido ya gan shi a gado, roba a hanci, roba a hannu, haƙarƙarinsa na ciwo kamar an yi sussuka a kai.

Daga baya aka ba shi labari. Zuciyarsa ce ta tsaya cak, ya zame daga bencin ya faɗi ƙasa babu numfashi. Da yake a cikin asibiti abin ya same shi, kafin ƙiftawa ma'aikata sun rufu a kansa. Wani likita ya durƙusa a ƙasa yana danna masa ƙirji, aka gungura wata na'ura aka fizge shi da lantarki, zuciyar ta kama aiki. Likitan da kansa ya ce da a gona abin ya faru, da yanzu wani zancen ake yi. Mutumin dai yana da sauran shan ruwa a gaba.

Ranar da aka sallamo shi kuwa, Unguwar Sammani ba ta taɓa ganin irin ta ba. Tun daga kan kwalta yara suka biyo motar da gudu. Mata na guɗa ta kan katanga, an toya waina da ƙosai na sadaka, zaure ya cika har waje. Wani ma daga Madobi ya zo a keke don kawai ya ga mutumin da aka ce ya mutu ya dawo. Hashimu na zaune a kan tabarma ya jingina da matashi, bakinsa har kunne, amma idonsa na kan ƙofa. Duk zaman da ya yi a gadon asibiti ba a banza ya yi shi ba, maganganu ya tanada wa Agwagwa, ya jera su, ya wasa su. Ɗoki yake ya ga ya shigo.

Can sai ga Sada, yana ɗan ɗingishi. Ya cire takalmi tun daga nesa. Ya zo gaban Hashimu ya tsuguna, ya miƙo hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Sannu, Malam Hashimu. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne."

Hashimu ya waiga bayansa don ya ga wane ne Malam Hashimun. Bango ya gani. Ya juyo ya ce, "Agwagwa, ashe ba su yanke ƙafar ba? Ai na roƙe su su rage maka ita ko tafiyarka ta daidaita."

Zaure ya ɗauki dariya. Sada ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ya tashi ya koma can kusa da ƙofa ya rakuɓe. Sauran maganganun da Hashimu ya tanada suka tashi a banza.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, sai zaman ya fara yi masa tsawo. Kowa a garin ya koma ba shi da wata kalma sai sannu. In ya yi tari, sannu. In ya miƙe, sannu. In ya kai hannu zai ɗauki buta, sai hannuwa uku su riga shi. Zuliha matarsa ta janye gishiri da man ja daga miyarsa, wannan umarnin likita ne, bai ce komai ba. Amma ko gyangyaɗi ya yi bayan azahar sai ya farka ya gan ta tsaye a kansa tana kallon ko cikinsa na motsi. 'Ya'yansa da suka saba hawa wuyansa an hana su, suna leƙensa daga bakin ƙofa kamar baƙo.

Shi kansa ba lafiya lau yake ba, ko da yake bai gaya wa kowa ba. Tsoro ne ya shige shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Hannunsa kullum na cikin riga yana lalubar ƙirji, ya ji ko zuciyar tana nan tana aiki. In injin ban ruwa na wani maƙwabci yana ta ƙara daga nesa sai ya mutu farat ɗaya, gaban Hashimu sai ya yanke ya faɗi, gumi ya karyo masa, ya riƙe abin da ke kusa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Barci kuwa ya zame masa abokin gaba, don ya ga yadda ake tafiya ba sallama. Da safe sai ya wanke fuska ya fito yana yi wa mutane ta maza.

Duk wannan da sauƙi a kan lamarin Sada. Mutumin nan kullum sai ya zo gaisuwa, kullum a tsugune. Shi ya dasa wa Hashimu tumatir, shi yake ba shi ruwa, shi yake fesa magani, kafin ya taɓa tasa gonar. Amma ko sau ɗaya bai ƙara cewa Gwangwani ba. Hashimu ya juya abin a ransa ya juya, ya ga ma'ana ɗaya ce da shi. Ba a girmama taubashi sai in gawarsa aka shimfiɗe. Sada ne ke tare da shi a asibiti, lalle likitoci sun ja shi gefe sun gaya masa abin da suka ɓoye wa mai ciwon. Ke nan kwanansa ya ƙare, jira kawai ake. Duk sannun da Sada ya yi masa, sai ya ji kamar ana gwada masa likkafani.

Ranar da ya koma ganin likita, shi da Zuliha a motar haya, ya ƙudura sai an faɗa masa gaskiya. Bayan an gama aune-aune ya gyara zama ya ce, "Likita, don girman Allah kada ka rufe ni. Ni ba yaro ba ne. Me kuka gaya wa ɗan'uwana da ba ku gaya mini ba?"

Likitan ya ajiye biro ya dube shi. "Babu abin da muka gaya wa kowa, Malam. Zuciyarka tana murmurewa. Ka riƙe magani, ka riƙa tattaki, ka fara ɗan aikin da bai da nauyi. Tsoron nan da kake ji kuma, kusan duk wanda abin nan ya sama yana jin sa, ba kai kaɗai ba ne. Amma in ka bar shi a ciki zai ci ka. Kana da wanda kake gaya wa?"

Ga shi wanda Hashimu zai gaya wa ɗin shi ne ya koma tsuguno.

Likitan ya ci gaba. "Af, ka tuna mini. Wannan mai ciwon ƙafar da kuka zo tare, yaya yake? Ranar nan da ƙyar muka ɓanɓare shi daga jikinka, ya koma yana ta buga kansa da bango. Kai ba ka ga komai ba, barcinka ka sha. Shi ya gani. Ku kula da shi, shi ma majinyaci ne."

A mota, suna wuce gadar Tamburawa, Zuliha ta matso ta rage murya. "Maigida, ai Saude matar Sada ta gaya mini tun tuni. Ba ya barcin kirki, da ya rufe ido sai ya gan ka a ƙasa. Cewa yake bakinsa ne ya kayar da kai. Wai ya tuba, shi da yi maka wasa har abada."

"Kika sani kika yi shiru?"

"An ce kada a gaya maka abin da zai tayar maka da hankali."

"To ai wanda ba a gaya mini ɗin ba shi ya kusa kashe ni!"

Ya faɗe ta da ƙarfi har fasinjoji suka waigo. Sai kuma ya fashe da dariya, dariyar da rabonsa da ita tun kan bencin asibiti. Ashe ba mutuwa zai yi ba! Ashe Agwagwa ne ba shi da lafiya! Nan take ya ji wani ƙarfi ya zo masa, ya ga gonakin alkama da ke wucewa ta taga sun ƙara kore. Ya samu aikin yi. Sai ya maido wa Sada bakinsa ko ana ha maza ha mata, don ya gane cewa in bakin nan bai dawo ba, shi ma bai gama dawowa ba.

Washegari da la'asar ya ɗauki tabaran roba na 'yarsa Khaulat, ja mai fure a gefe, wanda aka saya mata da sallah, ya maƙala a fuska. Ya kifa wata tsohuwar malafa da ɓera ya cinye rabinta, ya nufi gindin ɗorawa yana taku ɗai-ɗai. Majalisa ta kaure da dariya. Wani dattijo har da ƙwarewa da goro. Hashimu ya je ya tsaya ƙiƙam a gaban Sada, ya juya hagu, ya juya dama. Ya ga leɓen Sada na rawa, ya ga maganar ta taso masa har maƙogwaro. Saura ƙiris! Sai Sada ya cije leɓen ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya yi maka kyau."

Hashimu bai karaya ba. Ranar kasuwar Kura ya ba da saƙo aka sayo masa agwagwa, ƙatuwa, mai faɗin ƙafa. Ya samu tsumma fari ya naɗe mata ƙafar hagu, daidai wadda Sada ya sara, ya sa aka kai masa gida da saƙon cewa ga ƙanwarsa nan ta zo jinya. Ya zauna a zaure yana murza hannu, yana jiran ya ji an taso da ashar daga ƙarshen layi. Har magariba shiru. Bayan an idar da salla sai ga kwano a rufe daga gidan Sada. Zuliha ta buɗe. Farfesun agwagwa ne, babu gishiri, babu mai, wai in ji Saude a gaida mai jiki.

Zuliha ta yi dariya har da zama a ƙasa. Hashimu ya ci naman, don ba a fushi da farfesu, amma yana ci yana ƙwafa. Ya ce, "Shi ke nan. Tunda abin ya zama haka, zan taɓa shi inda ko waliyyi ne sai ya yi magana."

"Ina ke nan?"

"Ruwa."

Zuliha ta daina dariya. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san ana iya cin bashin mutum a zauna lafiya, ana iya taka masa shuka ya yi haƙuri, amma ba a datse masa ruwa ranar da layi ya zo kansa. 'Yan uwa ciki ɗaya sun sha fasa wa juna kai a bakin kanal. Ga shi tumatirin Sada ya fara fure, lokacin da ƙishin yini ɗaya ke zubar da shi.

Ranar ruwan Sada, da hantsi, Hashimu ya taka a hankali har gona. Rabonsa da ita tun kafin ciwon. Ya tsaya ya dubi tumatirinsa, ya yi shar, babu ciyawa ko ɗaya, ya leƙa na Sada can ƙasa ya ga duk ya fi nasa rama. Abin ya sosa masa rai, saura kaɗan ya fasa. Amma ya tuna magani da ɗaci yake. Ya naɗe wando ya shiga ƙaramin kanal ɗin, ruwa iya ƙwauri, ya tattara laka da ciyawa ya datse shi tsaf. Ruwa ya taru ya kumbura. Ya jawo tiyo ya nutsa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo shi kan gaɓa, ruwa ya kama zuba cikin fangalinsa da bai ma buƙata. Ya koma bayan masarar da ke kan iyaka ya laɓe, zuciyarsa na dukan uku-uku, wannan karon don ɗoki.

Ba a jima ba ya jiyo ta. Muryar nan, ta da, tana tahowa daga ƙasa tana bin kanal.

"Wane ɗan ƙwal uba ne? Wane mara tsoron Allah ne ya sha mini ruwa? Yau ko ni ko shi! In na kama shi sai na cusa masa tiyon nan ta hanci ya fito ta kunne! Ɓarawon ruwa, jikan ɓarayin ruwa!"

Wayyo daɗi! Hashimu ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a rana. Ya bari sai da Sada ya iso daidai datsiyar, fartanya a kafaɗa, ido jajir, sannan ya fito daga cikin masara ya riƙe ƙugu.

"Ni ne nan. Sai a yi yaya?"

Sada ya tsaya. Bakinsa a buɗe, sauran zagin na ciki. A hankali fartanyar ta sauko daga kafaɗa.

"Au. Kai ne? Ba komai, sha. Nawa ya jira gobe." Ya dubi tiyon ya ƙara da cewa, "Guda ɗaya ai ba zai ishe ka ba. Kawo in kama maka sauran, kada ka wahalar da kanka."

Ya sunkuya ya fara nutsa tiyo na biyu.

Nan fa Hashimu ya ji abin ya zo masa wuya. Ba wasa kuma, fushi ne na gaske, da baƙin ciki. "Kai wane irin mutum ne? Na datse maka ruwa! Tumatirinka zai zube! Ka zage ni mana! Ni gawa ce da za ka riƙa lallaɓa ni? Kowa sannu, kowa sannu, kai ma sannu? To ga ruwan naka, ba na so!"

Ya ɗaga ƙafa ya kai wa datsiyar shuri. Laka ta kwashe ɗaya ƙafar. Sai ji kake tim! Ya faɗi da baya a kan gaɓa, rabin jikinsa a ruwa.

Numfashinsa ya ɗauke. Ya buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Sama ta yi masa fari fat. Ya ce a ransa, shi ke nan, mutuwar ta dawo, kuma yau babu likita, babu na'ura, sai masara. Ya fara kalmar shahada a zuci.

Sada ya ƙwalla wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Ya yi tsalle ya haye kansa, ya haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa kamar yadda ya ga likita ya yi, ya danna da iyakar ƙarfinsa na manomi. Ya sake dannawa. Yana yi yana ihu, "Ka tashi! Ka tashi don Allah! Ban ce komai ba! Wallahi yau ban ce komai ba! Jama'a ku kawo ɗauki!"

A dannawa ta uku iska ta faɗa wa Hashimu cikin ƙirji da ƙarfi, tare da wani azababben zafi a haƙarƙarin da bai gama ɗinkewa ba.

"Wayyo! Ɗaga ni! Za ka kashe ni, Agwagwa! Da raina! Da raina nake!"

Sada bai ji ba, sai da Hashimu ya dumbuzo laka ya yaɓa masa a fuska. Ya tsaya, hannunsa na nan a kan ƙirjin. A ƙarƙashin tafinsa zuciyar na bugawa fat-fat-fat, da ƙarfi, kamar ana daka. Su biyun duka suka ji ta. Hashimu ya kasa kunne yana mamaki. Ta sha faɗuwa, ta sha tsoro, ta sha danna, ga ta nan tana ta aikinta ko a jikinta.

Manoman da ke kusa sun yo kansu da gudu suna salati. Hashimu ya ɗaga musu hannu daga kwance. "Ku koma, santsi ne! Santsi ne kawai, sai wannan da yake neman ƙarasa ni." Suka yi cirko-cirko, suka ga dai da gaske magana yake, suka juya suna waige.

Sada ya zame ya zauna a cikin laka. Sai ya fashe da kuka, kukan babban mutum, mai wuyar ji. "Kai mugu ne. Wallahi kai mugu ne, Hashimu. Ka san abin da na gani? Ka san yadda fuskarka ta koma? Ina gama cewa ka mutu, ka mutu. A gabana. Mutane na kallona. Da me zan je in gaya wa Zuliha? Da me zan gaya wa uwata?"

Hashimu ya yunƙura ya tashi zaune, dafe da haƙarƙari. Bai taɓa ganin hawayen Sada ba tun ranar da aka yi musu kaciya. Tausayi ya kama shi har nasa idon ya kawo ruwa.

"Sau nawa ka ce in mutu tun muna yara?"

Sada ya ja hanci. "Wa ya ƙirga?"

"To me ya hana ni mutuwa tun tuni? Kai har kana ganin bakinka ya isa? Jijiya ce ta toshe, in ji likita, ta daɗe tana toshewa. Kuma ba don ruɓaɓɓiyar ƙafar nan taka ta kai ni asibiti ba, a nan zan faɗi, cikin masarar nan." Sannan ya faɗi abin da bai gaya wa kowa ba. "Ni ma ba na barci, Sada. Tsoro nake ji. Ko inji ne ya mutu sai in ji kamar ni ne. Da ka zo kana tsuguna mini, na ɗauka an gaya maka kwanana ya ƙare. Kowa ya yi mini sannu in haƙura, amma ban da kai. In ka yi mini, ji nake an riga an binne ni."

Sada ya ɗago ya dube shi, laka da hawaye sun dame a fuskarsa. "Kai ma ba ka barci?"

"Ina fa."

"Da na sani ai da na riƙa zuwa muna zama."

"Ka zo. Amma in da sannu za ka zo, ka sha zamanka."

Datsiyar ta riga ta ɓalle, ruwa ya wuce ta gefensu yana gangarawa gonar Sada. Can nesa wata mota ɗauke da kwandunan tumatir ta nufi kwalta tana rangaji. Sada ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ya share fuska da gefen riga, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sannan ya fara.

"Ni fa... na daɗe ina tunanin abin nan naka."

"Ina jin ka."

"Cewa ake likita ne ya dawo da kai. Ba haka ba ne." Ya haɗiyi yawu. "Kai ka aka yi har can lahira. Aka sauke, aka buɗe kwando, aka duba sama, aka duba ƙasa. Babu wanda ya taya. Kwantai ka yi, aka maido mana kayanmu."

Dariya ta ƙwace wa Hashimu. Ya riƙe haƙarƙari yana wayyo, yana dariya, yana dukan ruwa da ƙafa. Kwantai! Yau ga ɗan banza! Ya yi ta yi har numfashinsa ya sarƙe, ya koma tari.

Da ya lafa ya share ido, sai ya ga Sada ko murmushi bai yi ba. Ya yunƙuro a kan gwiwa, hannuwansa biyu a haɗe, a shirye, idonsa ƙur a kan ƙirjin Hashimu. Ko numfashi ba ya yi, jira yake.

Hashimu ya kamo hannuwan ya raba su, ya ɗora ɗaya a kan ƙirjinsa ya danne da nasa. Ya bar shi ya ji ta sosai.

"Ina nan," ya ce. "Ƙaro wata."